Gidan biskit a Landan, gidan ƙasa a Adar: Me ɗan ci-rani zai gina da kuɗin da ya tara?

Tun daga shekarar 2016, idan ƙarshen shekara ya zo, wasu kamfanonin zanen gine-gine a birnin Landan kan ajiye kwamfuta su koma kicin. Abin da suke fitarwa gari ne guda, da gidajensa da gadoji da tashar jirgin ƙasa, amma dukkansa da biskit ɗin citta aka yi shi, aka liƙe da kwaɓin sukari da farin ƙwai. A birnin Bergen na ƙasar Norway al'adar ta fi daɗewa, domin tun 1991 'yan makaranta ke haɗa irin wannan gari.

Wasan Kirsimeti ne, ana biyan kuɗi a shiga kallo. Sai dai masu shirya na Landan kan ba mahalarta jigon da za su yi aiki a kai, kuma sau da dama jigon ya shafi muhalli, kamar yadda birni zai zauna lafiya da ruwa, ko yadda za a sake amfani da tsofaffin kaya. Shi kansa biskit ɗin ba ya yafe kuskure. Idan bango ya yi siriri, rufi ya danne shi. Idan akwai damshi a ɗakin da aka ajiye shi, cikin 'yan kwanaki ya yi laushi ya durƙushe.

A gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa, yara ma suna da nasu ginin wasan. Da an ɗauke ruwa sai su tsuguna a bakin tabki su kwaɓa laka, su gina ɗan ɗaki da ɗan rumbu, su jera masa shanu da raƙuma. Wani ruwan ya zo ya tafi da shi, su sake wani. Iyayensu da yayyensu kuwa tambayoyin da ke gabansu su ne waɗanda ake wasa da su a Landan: da me za a gina, me zai riƙe rufin, yaya za a yi da ruwa da zafi. Bambancin shi ne a nan mutane ne ke kwana a ciki.

Gida ne shaidar tafiya

Ƙasar Adar ta yi suna wajen ci-rani. Da an kammala girbi samari ke kama hanyar Abidjan da Legas da Kano, wasu su nufi Libiya ko Aljeriya. Akwai mai yin wata shida, akwai mai yin shekara shida. Kuɗin da suke aikowa ta Nita ko Amana ko ta hannun wani ɗan gari da zai koma, kaso mai yawa yana tafiya ne a cimaka. Abin da ya ragu, in ya ragu, gini ake yi da shi.

Kuma an san irin ginin da ake so: bulon siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe mai fenti. Kwanon da ake hango ƙyallinsa tun daga bakin gari shi ke faɗa wa kowa cewa tafiyar wane ta yi riba. Yana taimakawa wajen neman aure, yana kuma rufe bakin masu cewa yaro ya tafi yawon banza. Wanda ya yi shekaru yana dako ko tura baro a ƙasar wasu, babu mai ganin laifinsa idan ya so a ga guminsa.

Matsalar tana fitowa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a jihar Tawa kan wuce digiri 40. Kwano bai kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma da rana ta buge shi yake sauke zafin a kan na cikin ɗaki. Bulon da aka saba bugawa mai rami ne, kaurinsa santimita 15 ko 20, ba ya tare zafi na dogon lokaci. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka shiga gida da azahar ka tarar da sabon ɗaki a kulle, tsohuwar da aka gina wa shi tana zaune a tsohon ɗakinta na ƙasa ko ƙarƙashin rumfar kara.

Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana sannu a hankali, sai bayan sa'o'i da yawa zafin ke isa ciki, a lokacin rana ta yi sanyi, mutane ma sun fito tsakar gida da tabarminsu. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Fanka na iya rage wahalar ɗakin kwano, amma yawancin ƙauyukan yankin ba su da lantarki. Waɗanda ke da ita ma sun ga iyakarta a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, ba ta dawo da ita ba sai a farkon 2024.

Abin da daminar 2024 ta bari

Duk mai yabon gidan ƙasa sai ya fara amsa tambayar da daminar 2024 ta jefo. Alƙaluman gwamnatin Nijar sun nuna kusan mutum 400 ne suka rasu a ambaliyar wannan shekara, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗo musu. A ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe ana kallo, bidiyonsa ya zagaye wayoyin 'yan Nijar a ko'ina suke. An ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne a ciki.

A watan Oktoban ne gwamnati ta rage farashin siminti, inda aka tsayar da tan ɗaya a kan jika 55 a Yamai, don mutane su samu su sake gini. Saƙon da talaka ya ɗauka daga wannan a bayyane yake: ƙasa ta ci amana, a koma siminti. Ga mutanen Madawa ma simintin a kusa yake, tunda masana'antar Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, tana kan babbar hanyar da ta haɗa su da Birnin Ƙonni.

Amma idan aka duba yadda gidan ƙasa ke faɗuwa, za a ga hanyoyin ba su da yawa, kuma magina sun san su.

Ta farko ta gindi ce. Ruwa ya kwanta a jikin bango kwana biyu ko uku, ƙasar ta sha ta yi laushi, nauyin sama ya murƙushe ta. Wannan ya fi samun gidajen da aka gina ba tushe, ko aka gina a kan hanyar ruwa. A Adar hanyar ruwa ba abin rainawa ba ce. Tuddan dutse ba sa riƙe ruwan sama, suna zubo shi gaba ɗaya cikin ƙoramu, ƙoramar da ta shekara a bushe ta cika cikin sa'a guda. Garuruwa sun faɗaɗa, an yanka filaye a wuraren da kakanni suka ƙi ginawa, kuma sau da yawa ɗan ci-rani yana sayen fili ne ta waya, da rani, bai taɓa ganinsa da damina ba.

Ta biyu ta fuska ce. Hadarin yankin daga gabas yake tasowa, ruwa da iska suna dukan bango ɗaya shekara da shekaru. Idan ba a sabunta yaɓe ba, bangon ya riƙa zaizayewa. Wasu kan shafe bangon ƙasa da siminti su ɗauka sun huta, alhali siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau. Shafen ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye, sai ranar da ɓawon ya zubo a ga ɓarnar.

Ta uku ita ce mai kisa, wato ta sama. Rufin soro ƙasa ce mai nauyi a kan itace. Idan indararo ya toshe ko ya yi gajarta, ruwa ya taru a kai, ƙasar ta ƙara nauyi. Idan kuma gara ta riga ta cinye itacen, rufin ya sauko gaba ɗaya, yawanci cikin dare, a kan masu barci.

Itacen da ya ƙare

A wannan ta ukun ne labarin gini ya haɗu da labarin daji. Soron Hausa na asali da azara ake rufa shi, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, tana iya shekaru da dama tana ɗauke da ƙasa. Amma giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, tana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta Nijar ta ba kariya, kuma manyan dazukanta suna can kudu, wajen Gaya. Kafin azara ta iso Buza ko Keita kuɗinta ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Sai a koma ga duk sandar da aka samu, a rufa da ita, bayan 'yan shekaru a sake nema.

Yankin ya san abin da rashin itace ke nufi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, tuddan Keita sun koma faƙo. A 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya na biyan ma'aikata da abinci. Mafi yawan masu aikin mata ne, saboda maza sun tafi ci-rani. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangare don tare ruwa, suka haƙa ramuka a ƙasar da diga ke tsalle a kanta. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Zuwa farkon shekarun 2000 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an kuma farfaɗo da fiye da hekta 34,000.

A kwarin Majiya da ke gundumar Buza an riga su farawa. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa dogonyaro layi biyu-biyu, da tazarar kusan mita 100 tsakanin jeri da jeri, don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona. Jerin ya kai ɗaruruwan kilomita, daga baya har aka riƙa sassabe rassan ana samun sandunan gini.

Duk wannan wahala an sha ta ne don itace ya tsaya a ƙasa. Mutane kuwa ƙaruwa suke yi. A ƙidayar 2012 jihar Tawa na da mutum sama da miliyan uku, kuma kowane saurayin da zai yi aure ɗaki yake buƙata. Idan kowane ɗaki sai an sare masa itace, abin da matan Keita suka dasa ba zai ishi rufi ba, balle girki.

Rumbu ya riga kowa

Abin da ke ba baƙo mamaki a ƙauyukan Adar shi ne amsar tana tsaye a bakin gari tun da daɗewa. Rumbunan laka na yankin, masu kama da manyan tuluna, wasu sun fi mutum biyu tsawo, ana gina su ne ba azara ko ɗaya a jikinsu. Magini yana ɗora laka da aka cuɗa da ciyawa zagaye-zagaye, ya bar kowane zagaye ya sha iska kafin ya ɗora na gaba, yana faɗaɗawa har tsakiya, sannan ya riƙa tsukewa har baki. Bangon bai fi 'yan yatsu kauri ba, amma siffarsa ce ke riƙe shi.

A lura da abu biyu da ba a taɓa mantawa da su a rumbu. Ana ɗora shi a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, ana kuma kifa masa hular ciyawa a ka. An kare gindi, an kare sama. Manomin da ba zai yarda geronsa ya kwana a rumbun da ba a ɗaga ba, shi ne kuma zai kwantar da 'ya'yansa a ɗakin da aka fara bangonsa daga kan turɓaya. Haka rudun albasa da manoman kwarin Tarka ke yi da kara da ciyawa, a ɗage yake daga ƙasa, iska na ratsa shi ta ko'ina.

Dutse kuma ba abin saye ba ne a yawancin Buza da Keita, sunan yankin ma Adar Dutsi. Tushen dutse da ya ɗaga bango ya wuce inda ruwa ke kwanciya, abu ne da amalanke da 'yan kwanaki na aiki za su samar.

Daga Yaama zuwa Dandaji

Wanda ya nuna wa duniya iyakar abin da maginin Adar zai iya shi ne Alhaji Falke Barmou, manomi kuma magini a ƙauyen Yaama da ke gundumar Illela, yamma da waɗannan gundumomi uku. A 1962 dattawan garin suka ba shi aikin masallacin Juma'a. Gari ne ya yi ginin: wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. A 1975 da rufin ya buƙaci gyara, sai ya sauya shi da wanda ke zaune a kan bakuna, ya ɗora ƙubba a tsakiya. Maimakon manyan azara, ƙananan sanduna ya ɗaure dami-dami ya lulluɓe da laka. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, kowace da nata fasali. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya a wannan fanni.

A daidai wannan zamani wata dabarar ta shigo Nijar daga wani ɓangare. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta gwada abin da aka kira gini ba itace a garin Chikal da ke yankin Filinge. Asalin dabarar daga Nubiya ne a kudancin Masar, inda aka shekara dubbai ana rufa ɗaki da bulon ƙasa kaɗai, kuma masanin gine-ginen Masar Hassan Fathy ne ya farfaɗo da ita a shekarun 1940.

Yadda ake yi ba shi da wuyar fahimta, ko da yake hannu sai ya koya. Ana buga ƙananan bulo marasa nauyi. Magini ya jingina layin farko a jikin bangon ƙarshen ɗaki, a ɗan karkace, ya zana baka. Layi na biyu ya jingina a kan na farko, na uku a kan na biyu, laka mai danƙo na riƙe kowane bulo har layin ya rufe. Haka ake tafiya har a kai ɗaya ƙarshen, ba katako, ba ƙarfe, ba abin tokarawa. Idan ƙubba ce, sai a kafa sanda a tsakiyar ɗaki a ɗaura mata igiya ko waya, ita ke nuna wa magini inda kowane bulo zai zauna.

Daga Chikal dabarar ta bazu zuwa Ayar da wasu sassan ƙasar, aka horar da magina da yawa, ta tsallaka Mali da Burkina Faso. A Burkina, wata ƙungiya da wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan ƙasar, Séri Youlou, suka kafa a shekarar 2000 ta sauƙaƙa tsarin: faɗin ɗaki kada ya wuce mita uku da 'yan kai, bangon da ke ɗauke da rufi ya kai santimita 60, a shimfiɗa leda a kan rufin sannan a bi ta da ƙasa. Tsawon ɗakin kuwa yadda mai gida ya so.

Waɗannan ƙa'idoji ba ado ba ne. Rufin baka yana tura bango waje, don haka wanda ya rage kaurin bango don ya rage kuɗi, ko ya faɗaɗa ɗaki don ya ci gadon zamani da kujeru, ya gina wa kansa haɗari. Nan ne raunin dabarar yake. Kwano ko almajirin kafinta zai buga shi ya zauna. Rufin ƙasa ba itace sai wanda aka koya wa, kuma ɗaki ɗaya da ya faɗi a hannun wanda ya kwaikwaya daga gani ya isa ya kashe wa dabarar kasuwa a ƙauyuka goma.

Misali mafi kusa a zamani yana Dandaji, shi ma a gundumar Illela. Mutanen garin sun so su rushe tsohon masallacinsu na ƙasa su gina babba. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar da ta fara karatu a fannin kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine a Amurka, tare da abokiyar aikinta 'yar Iran Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabo a gefensa. An gayyato maginan da suka san tsohon ginin tun farko suka shiga aikin. Sabon masallacin, mai ɗaukar mutum kusan 1,000, an gina shi da bulon jar ƙasa da aka haƙo a kusa da garin, aka matse da inji. An kammala a 2018, aikin kuma ya samu kyautar gidauniyar Holcim ta gini mai ɗorewa.

Wannan bulo na matsi shi ne tsaka-tsaki tsakanin tubali da siminti. Ana zuba wa ƙasar ɗan siminti kaɗan, a danne ta da ƙarfi, a bar ta ta bushe a inuwa ba tare da an gasa ba. Yana fitowa da kaifin gefe da santsi, ba ya buƙatar yaɓen shekara-shekara kamar tubali, kuma ga wanda ke son a ga gidansa a san ya je ya dawo, yana da kyan gani. Mariam ta riga ta gwada shi a rukunin gidajen Niamey 2000 a Yamai, masu hawa biyu, da aka kammala a 2016.

Shi ma kwano ba lallai a kore shi ba. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya yi mata silin na ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, ya bar shi ya zarce bango sosai. Iska na wucewa tsakanin kwanon da silin ta kwashe zafi, kwanon kuma ya zame wa bangon laima. Maƙerin walda a Madawa zai iya haɗa irin wannan.

Lissafin da ke gaban mai aiko da kuɗi

A tarukan duniya, hujjar da aka fi kawowa ita ce ta yanayi: sarrafa siminti na buƙatar wuta mai zafin kusan digiri 1,450, kuma masana'antar ce ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. Gaskiya ne, amma da wuya wannan ya sauya ra'ayin mai sayar da shayi a Abidjan da ke son ya rufa wa mahaifiyarsa ɗaki, kuma ba ɗakinsa ne ya ɗumama duniya ba.

Hujjar da ta shafe shi ita ce inda kuɗinsa ke tafiya. A gidan bulo da kwano, mafi yawan kuɗin na tafiya ne wajen sayen kaya da jigilarsu: siminti, rodi, kwano, katako, ƙusa. A gidan ƙasa mafi yawansa ladan aiki ne, na mai haƙa, da mai amalanke, da mai buga bulo, da magini, waɗanda duk 'yan garin ne, wataƙila ma ƙannensa ne da ke shirin bin sawunsa saboda rashin abin yi da rani.

Sai dai gidan ƙasa yana da wani bashi da ba ya ƙarewa, wato kulawa. A da, kafin damina, gida kan fito a yi yaɓe, a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo. A tsofaffin biranen Hausa har makuba ake yi daga ɓawon ɗorawa don yaɓe ya jure ruwa. Aikin majiya ƙarfi ne, su kuma majiya ƙarfin su ne ba sa gida. Gidan da mazansa uku ke waje, tsoho da mata da yara kaɗai suka rage, ba abin zargi ba ne idan ya zaɓi abin da ba ya neman hannu kowace shekara. Duk mai tallata ginin ƙasa da bai sa wannan a lissafi ba, bai zauna a irin gidan ba.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da yawancin masu gini a yankin haɗin gambiza ne: a kashe siminti inda ruwa ke taɓawa, wato tushe da dandamali da bakin indararo, a bar ƙasa ta yi bango, rufi kuma ya danganta da maginin da ake da shi. Idan akwai wanda ya koyi rufin baka kuma ana iya zuwa a ga ɗakunan da ya gina sun ci damina da yawa, to. Idan babu, kwano mai silin da tazara ya fi soron da aka rufa da sandunan da gara za ta gama da su. Kafin duk wannan kuma, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2024.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ke yanke hukunci fiye da yadda ake zato. Bulon ƙasa ruwa yake ci. Lokacin buga shi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da tabkuna ba su ƙafe ba, hannaye sun huta daga gona, iskar hunturu na busar da shi da sauri. Bango mai kauri da rufin ƙasa suna son su bushe sarai, a yi musu yaɓe, kafin hadarin farko na watan Yuni. Zuwa Afrilu tabki ya zama tsagaggen ƙasa, ruwan gini sai an saya jarka-jarka daga masu jakuna.

Ɗan ci-rani kuwa da kaka yake tafiya, kuma kuɗinsa ba sa taruwa sai ya yi watanni. Da yawa suna dawowa ne ko su aiko da abin da suka samu a watan Mayu, dab da shuka. A wannan lokacin ba ruwan kwaɓa ƙasa, ba kwanakin jiran ta bushe, ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Abin da za a iya sauke wa daga mota yau a rufa ɗaki da shi jibi shi ne bandir ɗin kwano.